Kuza a Jos, Takarda a Amurka

Tun kafin Turawa su hau tsaunukan Jos, masu narkar da ƙarfe na Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun san kuza. Suna narka ta, su zuba ta siri-siri, fatake su kai kasuwa. Ganin wannan haja ne ya sa kamfanin Neja ya aiko mutanensa a 1902 su bi sawunta har inda ake haƙo ta. Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk ɗan Jos: jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, barikokin kuza, babban kamfanin ATMN a Bukuru, aikin tilas na diban gwamna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar narka kuza ta Makeri, sannan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985, wadda ta bar mana kududdufai. A duk tsawon wannan zamani da sikeli ake auna arzikin Filato. Wanda ya haƙo an biya shi nauyin abin da ya kawo, wanda kuma ya san abin da za a yi da ƙarfen ya rubuta saninsa a takarda, hukumar ƙasarsa ta buga masa hatimi, ya ci riba shekara da shekaru. Wannan takarda ita ce ta haƙƙin ƙirƙira. Ra'ayina shi ne mun fi tsoronta fiye da yadda muka karanta ta, kuma ƙirƙire-ƙirƙire biyu da suka yi mana nisa a ido, wato fentin daimon na ɗakin bincike da tiyatar sauti wadda ba a tsaga fata, sun isa su nuna haka.

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Hukuma tana ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba har shekara 20. Shi kuma sai ya biya da asirinsa: dole ya bayyana yadda abin yake aiki, da zane da awo, ta yadda gwani a fannin zai iya maimaitawa. Birnin Banis na Italiya ya kafa doka irin wannan tun 1474, Nijeriya kuma tana aiki da dokarta ta 1970. Abubuwa biyu ne mutane ba su cika lura da su ba. Na farko, wa'adin yana ƙarewa, kuma daga ranar da ya ƙare ƙirƙirar ta zama ta kowa. Na biyu, takardar tana da iyakar ƙasa. Wadda aka bayar a Amurka ba ta hana kowa ƙera abin a Jos matuƙar mai ita bai yi rajista a Abuja ba, sai dai ba za a kai kayan kasuwar Amurka ba.

Daimon da baƙin bakin fensir abu ɗaya ne, wato sinadarin kabon, tsarin zaman ƙwayoyinsu ne kawai ya bambanta. Masana sun daɗe da sanin haka, abin da ya gagara shi ne tilasta wa kabon ya ɗauki tsarin daimon. A watan Disamba na 1954 Tracy Hall, ma'aikacin kamfanin General Electric a jihar New York, ya yi nasara da wata matsa da ya ƙera, wadda ke danne kabon da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu fiye da sau 50,000, cikin zafin da ya haura digiri 1,400. Kamfanin ASEA na Suwidin ya riga shi samar da daimon a 1953, amma ya yi shiru da labarin, saboda haka suna da kasuwa suka tafi wurin wanda ya bayyana nasa ya yi rajista. Shi Hall ɗin ma, haƙƙin na kamfani ne, tukuicin da aka ba shi ya haɗa da takardar ajiya ta dala 10. Wannan ya nuna takardar ba ta tabbatar da adalci ga mai basira. Tana kare wanda sunansa ke kanta a matsayin mai mallaka ne.

Hanya ta biyu ta samar da daimon ita ce ta fi shafar mu, domin ba ta buƙatar wannan matsa mai ban tsoro. William Eversole na kamfanin Union Carbide ya gwada tsirar da daimon daga iskar gas tun farkon shekarun 1950, aka ba shi takarda a 1962, amma tsiron yana tafiyar hawainiya, kuma baƙin kabon yana lulluɓe shi. Masanan Tarayyar Sobiyet da John Angus a Amurka suka gano cewa iskar haidirojin da aka farfasa tana cinye baƙin kabon ta bar daimon. A farkon shekarun 1980 wata cibiyar bincike ta gwamnatin Japan a Tsukuba ta buga cikakkiyar hanyar da kowa zai iya bi. Ana zuƙe iskar wani akwati, a tura masa haidirojin da ɗan gas na mitan, kusan kashi 1 cikin 100. Ana zafafa wata siririyar waya har ta wuce digiri 2,000, abin da za a fente kuma yana ƙarƙashinta da zafin kusan digiri 800. Kabon ɗin da ke cikin gas sai ya riƙa sauka a kansa ƙwaya-ƙwaya, har ya zama fatar daimon da ba ta kai kaurin gashi ba. Bakin injin huda ko haƙorin yankan da aka yi wa wannan fenti yana daɗewa ninkin-ba-ninkin, domin babu ma'adinin da ya kai daimon tauri, kuma yana kwashe zafi fiye da jan ƙarfe kusan sau biyar. Yana da rauninsa: ba ya jituwa da baƙin ƙarfe, domin idan zafi ya yi yawa ƙarfen yana shanye kabon ɗin. A kan dutse da yumɓu da alminiyom yake nuna bajintarsa.

Ita kuwa tiyatar sauti, duk matar da ta je awon ciki aka yi mata sikanin ta san rabinta. Sautin da ya fi ƙarfin kunne ne ake turawa cikin jiki, amsa-kuwwarsa ta dawo a matsayin hoto. Idan aka ƙara masa ƙarfi, aka tattara shi wuri guda, kamar yadda yaro ke tattara hasken rana da gilashi ya ƙona takarda, naman da ke daidai wannan wurin yana zafi ya haura digiri 60 ya mutu cikin daƙiƙoƙi, alhali fata da naman da sautin ya ratsa suna nan lafiya. An gwada wannan a kan dabbobi tun 1942, kuma 'yan'uwa biyu, William da Francis Fry na jami'ar Illinois, sun kai shi ga ƙwaƙwalwar marasa lafiya a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya dakatar da aikin shi ne likita ba ya ganin inda yake ƙonawa. Maganin ya zo a farkon shekarun 1990, lokacin da Harvey Cline na General Electric da abokan aikinsa, tare da Kullervo Hynynen da Ferenc Jolesz, suka haɗa wannan sauti da na'urar hoto ta MRI, wadda ke nuna ƙarin da ake so a ƙona, kuma take auna zafin nama yayin da ake aikin. Kamfanin InSightec da aka kafa a Isra'ila a 1999 ya mayar da wannan ƙirƙira injin asibiti. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙarin mahaifa a 2004, sannan don ciwon karkarwar hannu a 2016. Sinawa a birnin Chongqing suka bi wata hanya mai sauƙin kuɗi, inda sikanin na sauti ne ke jagorantar aikin.

Ga inda labarin ya taɓa Filato. Zuciyar na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ne da aka naɗa da wayar niyobiyom da titaniyom, ana sanyaya ta da ruwan hiliyom har kusan digiri 269 ƙasa da sifili. Ana fitar da niyobiyom daga kolombait, wannan baƙin yashi da 'yan kuza suka daɗe suna zubarwa a matsayin dusa, kafin shekarun 1950 su mayar da Nijeriya ƙasar da ta fi kowa fitar da shi a duniya. Wayar da ake zafafawa a akwatin daimon sau da yawa ta tantalom ce, abokin zaman niyobiyom a dutse ɗaya, kuma a kan farantan niyobiyom ake fenta daimon don na'urorin tsabtace gurɓataccen ruwa. Yau Burazil ce ke riƙe da kasuwar niyobiyom, saboda haka ba za a ce ƙarfen Bukuru ne ke cikin injin kowane asibiti ba. Amma lissafin a fili yake. A daidai shekarun da ake loda kolombait a taragon jirgi, a ɗakunan binciken Amurka ake gano abin da ƙarfen zai iya yi, ana rubutawa.

Mai ja zai ce ai wannan takarda ce ke sa kaya tsada, ita ce ke hana talaka magani. Yana da hujja. Rikicin magungunan ƙanjamau a Afirka ta Kudu, wanda ya kai ga sanarwar Doha ta 2001, ya nuna yadda haƙƙin ƙirƙira ke iya tsayawa tsakanin majinyaci da rayuwarsa. Sai dai ƙwayar magani daban, inji daban. Ƙwaya tana da arhar ƙerawa, takarda ce ke riƙe farashinta. Injin tiyatar sauti kuwa, takardunsa na asali na farkon shekarun 1990 sun ƙare tuntuni, haka na fentin daimon na shekarun 1960 da 1980, amma har yau ba mu ƙera ko ɗaya ba. Duk mai waya da data a Terminus ko Angwan Rogo zai iya buɗe su kyauta a rumbun Espacenet ko Google Patents. Abin da ke tsakaninmu da su shi ne wutar lantarki da ba ta ɗaukewa tsakiyar aiki, da gas mai tsabta, da injiniyan gyara, da kuɗin bincike da zai jure shekara goma ba a ga riba ba. Gaskiya ne kamfanoni suna kewaye tsohuwar ƙirƙira da sababbin takardu kan ƙananan gyare-gyare, amma tushen ya fita daga hannunsu.

Wani zai ce a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da zubar jini wajen haihuwa ke kashe mutane, maganar tiyatar sauti almubazzaranci ne. A nan ina tare da shi rabin hanya. Ƙarin mahaifa ba ciwon masu kuɗi ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samun sa kafin shekara 50, kuma mata da yawa suna gudun asibiti don tsoron wuƙa da cire mahaifa, har ciwon ya ci ƙarfinsu. Hanyar da ba ta buƙatar ƙarin jini ko doguwar kwanciya tana da amfani a wurin da jini ke wahalar samu. Amma sautin ba ya ratsa ƙashi da iskar hanji yadda ake so, ba kowane ƙari yake karɓarsa ba, yana iya ƙona fata, ƙarin yana iya dawowa, kuma ba ya barin naman da za a kai ɗakin gwaji. Asibitin koyarwa na Lamingo ko na Jankwano da zai sayi irin wannan inji kafin ya tabbatar da wuta da ma'ajiyar jini da kwangilar gyara, ya sayi abin kallo ne kawai.

Jayayyar da ta fi ƙarfi ita ce takarda ba ta faɗin komai. Lauyoyi ne ke rubuta ta, suna bayyana iya abin da doka ta tilasta, sauran sanin yana hannun waɗanda suka lalata samfuri ɗari kafin ɗaya ya yi kyau. Haka ne, kuma shi ya sa karatun takarda ba ya amfani sai a gefen injin gwaji. Wannan kuma gargaɗi ne ga jami'o'inmu da ke alfahari da yawan takardun da suka samu. Ofishin rajista na Nijeriya yana duba cikar takardun nema ne, ba ya binciken ko abin sabo ne, kotu ce ke warware wannan idan an yi jayayya. Ko takarda ta gaske ba haja ba ce. Maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar NIPRD ta Abuja ta inganta daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, ya samu takarda a Amurka a 1998, aka ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, ya shiga kasuwa a 2006, sannan kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna tsawon shekaru.

Saboda haka idan za a zaɓa tsakanin ƙirƙirorin biyu, daimon ne ya fi kusa da hannun Jos. Akwatin waya mai zafi inji ne da jami'o'i a ƙasashe da yawa suka haɗa da kansu don koyar da ɗalibai. Garin yana da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a kan titin Zariya, da Cibiyar Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa, da sassan kimiyya na Jami'ar Jos. Masu saye ma suna nan: masu haƙar rijiyar burtsatse da duwatsun Filato ke cinye musu bakin inji, da masu fasa dutse, da masu yanka da goge duwatsu masu daraja, waɗanda dukansu daga waje suke sayen kayan yankansu. Gwaji na farko da ya kamata a sa wa ɗalibin digiri na biyu shi ne matsalar da ta wahalar da kowa a wannan fanni, wato yadda za a sa fatar daimon ta manne wa haƙorin yanka ba ta ɓare ba, tun da sinadarin kobal da ke cikin haƙorin yana hana ta kamawa. Hanyoyin wanke kobal ɗin da ruwan asid kafin fenti suna cikin takardun shekarun 1990 da wa'adinsu ya riga ya cika.