Layi biyu a kwantiragi sun hana Kawu zuwa kotu

Bara na raka kawuna, ɗan kasuwar hatsi a unguwar Birketeri ta Yawunde, wurin lauya. Wani kamfani ya karɓi masara a hannunsa, ya biya rabin kuɗin, ya yi gum da sauran. Kawu ya rantse sai kotu ta raba su. Lauya ya buɗe kwantiragin, ya ɗora yatsa a shafin ƙarshe ya ce: "Alhaji, ai kun sa hannu cewa in rigima ta taso, wurin mai raba gardama za a je."

Wannan shi ake kira arbitiraj. Ya bambanta da sulhun dattawan kasuwa, inda mutum kan iya cewa bai yarda ba. A nan ɓangarorin biyu ne ke zaɓar mai hukuncin, su ne ke biyansa, kuma abin da ya yanke ya hau kan kowa.

Kamaru, Chadi, Nijar, Benin da Togo na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta arbitiraj ta fito a 1999, aka sabunta ta a 2017. Idan akwai irin wannan sharaɗi kuma ɗaya ɓangaren ya ɗaga shi, dole alƙalin gwamnati ya janye hannunsa.

Amma mai raba gardama ba shi da ikon ƙwace dukiyar kowa. Wanda ya yi nasara sai ya kai hukuncin kotu a buga masa hatimin zartarwa. Kwana 15 alƙali yake da su. In ya yi shiru, an ɗauka ya amince. Wanda aka kayar kuwa ba shi da ɗaukaka ƙara. Iyakarsa ya nemi kotu ta soke hukuncin bisa wasu 'yan dalilai, kamar a ce ba a ba shi damar kare kansa ba. Daga nan sai babbar kotun OHADA da ke Abijan.

Masu fatauci da Najeriya ko Gana su lura: ƙasashen biyu ba sa cikin OHADA. Yarjejeniyar Niyok ta 1958 ce ke sa kotunansu su zartar da hukuncin da aka yanke a Kamaru.

Kawu ya samu kuɗinsa, amma ladan mai hukunci da na lauya sun cinye ribar. Yanzu duk takardar da aka miƙo masa, sai ya ce mini: "Karanto min shafin ƙarshe tukuna."