MURTALA: Sunan Mutum, Sunan Kuɗi

Yau kalma ɗaya tak na riƙo mana, kalmar da ko yaron goye a ƙauyukanmu na Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Tsanyawa ya saba ji: Murtala.

Ka tambayi mai ƙosai, "Inna, na nawa ne?" ta ce maka "Na Murtala." Kowa ya gane, naira ashirin ke nan. To daga ina?

Janar Murtala Ramat Muhammad ɗan Kano ne, an haife shi a 1938. Ya hau mulkin Najeriya a watan Yulin 1975, aka kashe shi a Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, a yunƙurin juyin mulkin su Dimka. Wata shida da 'yan kwanaki kawai fa! Amma a ciki ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma tsayar da maganar Abuja. Shekara na zagayowa, a Fabrairun 1977, aka fito da takardar naira ashirin da hotonsa. Shi ne ɗan Najeriya na farko da fuskarsa ta hau takardar naira. Mutanenmu kuwa ba su tsaya wata doguwar magana ba, suka kira kuɗin da sunan mai hoton.

Ma'ana ta biyu, Murtala ya zama ma'auni. Dattawanmu da fam suka saba lissafi, fam guda naira biyu, jaka guda naira ɗari biyu. Sai Murtala ya shige tsakiya daram: shi ne fam goma, Murtala biyar naira ɗari, Murtala goma jaka guda. Samari suka gutsure shi, suka ce Muri.

Ta uku kuma ba ta kuɗi ba ce. In ka ji an ce "an wuce da Malam Murtala," to jiki ya yi tsanani, babban asibitin cikin birni ake nufi. Sai addu'a.

Ga abin da ke damuna. A 1977 babu takardar da ta kai Murtala girma, sai a 1991 naira hamsin ta fito, kuma a 1977 ɗin naira ta fi dalar Amurka daraja. Manomi ya ƙulle Murtala a lalitarsa ya nufi kasuwa, ai mai kuɗi ne. Yau fa? Ko ruwan leda sai an yi ciniki. Ranar da takardar ta ɓace daga hannun mutane, kalmar ma bin ta za ta yi.

Don haka in ka miƙa wa yaro Murtala, ka ɗan tsaya ka gaya masa wane ne a jiki. Allah Ya ji ƙansa.

Ku kuma a garinku me kuke kiran naira ashirin? Ku faɗa mana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.