Rediyon da Ke Jiran Mai Sauraro

Duk wanda ya tashi a Fakku, ko wani gari na ƙasar Kebbe da Tambuwal, ya san dokar rediyo: in lokacin shiri ya yi kana gona, ko batir ya mutu, to sai dai ka ji labari a bakin abokan hira. Haka muka saba tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, haka kuma muke da Rima Radio ta Sakkwato. Podkas ne ya zo ya karya wannan doka.

Sunan ya fito ne a 2004, daga alƙalamin wani ɗan jarida, Ben Hammersley, a jaridar Guardian ta Ingila, inda ya haɗa sunan na'urar sauraro ta iPod da kalmar Turanci ta watsa shiri. Amma kada sunan ya ruɗe ka. Podkas murya ce kawai da aka naɗa, yawanci a tsarin MP3, irin na tafsirin da ke cikin memorin wayarka. Mai shiri yakan ɗora ta a wata kwamfutar ajiya da ke intanet, tare da wata 'yar takardar jeri da ake kira RSS, mai ɗauke da sunan shiri, ranar fitarsa, tsawonsa, da inda za a same shi. Manhajar wayarka tana leƙa jerin nan lokaci-lokaci, kamar yaron da aka aika tasha ya duba ko saƙo ya iso. In ta ga sabo, sai ta sauko da shi. Shi ke nan. Babu eriya, babu neman mita.

Abin da ya fi damun mutumin karkara shi ne data. To ga lissafi: magana zalla, in an matse ta a kilobit 64 cikin daƙiƙa, ba ta kai rabin megabait a minti ɗaya ba. Shirin rabin awa bai wuce megabait 15 ba ke nan. Wanda ya shiga Tambuwal cin kasuwa ya sami sabis mai ƙarfi, zai iya sauke na mako guda, ya dawo gida ya tura wa mutum goma ta Xender ko Bluetooth, ba a ƙara kashe ko kwabo ba.

Me ya kawo ma'aikacin laburare cikin zancen? A Amurka, masu wannan sana'a suna da shirye-shiryensu na kansu. Mujallar ƙungiyar laburarorin ƙasar ta fara nata a 2016, wanda daga baya aka sa wa suna Call Number, don tattauna littattafai da matsalolin aiki. Akwai kuma LibriVox, da aka kafa a 2005, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa ya sauke kyauta. Da Hausa ma an fara: jaridar Aminiya tana da Najeriya a Yau da Daga Laraba.

Ni dai a ganina, ba ƙarancin murya ke damunmu ba. Je ka shagon mai caji, wanda kuma shi ne mai turi. Ga wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lambarta, ga tsohuwar kwamfuta cike da wa'azi, waƙa da littattafan Hausa da aka karanta. Ka ce masa, "Malam, sa mini karatun da aka yi bara da azumi." Zai samo maka, domin yana riƙe da shi a ka. Amma duba sunan abin da ya tura: wasu haruffa ne da lambobi, ba sunan mai magana, ba shekara, ba gari. Ranar da kwamfutar ta ƙone, ko shi ya koma wata sana'a, an yi asara ke nan. Kaset ɗin da ma ya fi, don ana rubutu da biro a bayansa.

Wannan rubutun bayan kaset shi ne aikin da takardar RSS take yi, shi ne kuma ainihin sana'ar ma'aikacin laburare: wa ya faɗa, yaushe, a ina, a kan me. Sakkwato ba baƙuwar adana ilimi ba ce. Ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ga laburaren Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Sai dai dattijon da ya san tarihin kafuwar garinsu da sunayen fadamunsa ba a takarda yake ba, kuma ba zai jira ba.

Kayan aikin ba su da yawa: waya, ɗaki marar hayaniya, da izinin mai magana, wanda shi ne kan gaba. Ɗalibai da masu sha'awar fasaha na yankinmu, in kun naɗi muryar wani dattijo a wannan mako, ku rubuta sunansa da garinsa da kwanan wata kafin ku tura wa kowa.