Mita Mai Sadarwa: A Sanya Ta A Gida Ko A Dakata?

Gabatarwa

Ciniki a kasuwar hatsi ba ya ƙulluwa sai da mudu, domin da shi ne mai saye da mai sayarwa suke yarda da juna. Wutar lantarki ita ma haja ce da ake saye da sayarwa, sai dai ba a ganin ta da ido, ba a kuma ɗora ta a kan sikeli. Mudunta shi ne mita. A 'yan shekarun nan an samu wata sabuwar mita wadda Turawa suke yi wa laƙabi da mai wayo, mu kuwa a nan za mu kira ta mita mai sadarwa, saboda aikin da ya bambanta ta da sauran shi ne aika saƙo da karɓar saƙo. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda take aiki, da abin da ƙasashen da suka riga mu sanya ta suka gani, sa'an nan da abubuwan da ya kamata magidanci ya auna kafin ya yarda a kafa masa ita a bangon gidansa.

Me mita take aunawa?

Kowace na'urar lantarki tana da yawan ƙarfin da take ja, ana kuma auna wannan ƙarfi da wat. Idan na'ura mai wat 1,000 ta yi awa ɗaya tana aiki, to ta ci abin da ake kira yunit ɗaya. Ke nan ƙwan fitila mai wat 100 sai ya yi awa 10 a kunne kafin ya ci yunit ɗaya, dutsen guga mai wat 1,000 kuwa cikin awa ɗaya tak zai cinye shi. Waɗannan yunit-yunit su ne mita take ƙirgawa, su ne kuma kamfanin wuta yake sa wa farashi.

Tsohuwar mita da dattawa suka sani tana da faifan alminiyam mai juyawa a bayan gilashi. Wani injiniya ɗan ƙasar Hungari mai suna Ottó Bláthy yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinta a shekarar 1889. Lantarkin da ke shiga gida yana haifar da maganaɗisu wanda ke tura faifan, gwargwadon yawan wutar da ake ja gwargwadon saurin juyawarsa. Matsalarta ita ce dole ma'aikaci ya tako har gida ya karanta lambobinta. In bai zo ba, sai a rubuta wa mai gida kuɗin wuta da kintace.

Bayan ta sai mitar kati ta bayyana, wadda ta bunƙasa a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990. A nan mutum yana biya tukuna, a ba shi lambobi 20 ya danna wa mitarsa, ta ba shi wuta daidai kuɗinsa, idan sun ƙare ta yanke da kanta.

Ita kuwa mita mai sadarwa ba ta da faifai. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da take auna ƙarfin turin lantarki da yawan wanda ke gudana sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ta ninka su, ta tara sakamakon. Daga nan sai ta aika da lissafin zuwa kamfani, ko dai ta hanyar sadarwar wayar salula, ko ta igiyar rediyo, ko kuma ta cikin wayoyin wutar kansu. Haka nan kamfani yana iya aiko mata da umurni daga ofis: ya canza farashi, ya zuba mata kuɗin da aka biya, ya yanke wuta ko ya mayar. Ya kamata mai karatu ya lura cewa mitar kati daban, mai sadarwa daban. Wasu mitocin kati suna da kayan sadarwa a cikinsu, wasu kuwa ba su da su.

Wani abu da ya faru a 2024 zai fito da wannan bambanci fili. Kowace lambar kati tana ɗauke da hatimin lokacin da aka saye ta, don kada a yi amfani da ita sau biyu. Wannan hatimi ƙidayar mintoci ce da aka fara daga ranar 1 ga Janairu, 1993, kuma gurbin da aka tanadar mata ba ya ɗaukar fiye da mintoci 16,777,216. Ɗalibi na iya raba wannan adadi da mintocin shekara ɗaya, wato 525,600, zai samu shekara 32 saura kaɗan. Saboda haka ƙidayar ta cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024, sai da miliyoyin masu mitar kati a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka suka danna wasu lambobi na musamman da hannunsu kafin mitocinsu su ci gaba da karɓar kati. Mitar da ke magana da kamfani kai tsaye ana iya yi mata irin wannan gyara daga nesa.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Italiya ce ta fara sanya waɗannan mitoci a ƙasa baki ɗaya. Kamfanin Enel ya soma aikin a 2001, cikin 'yan shekaru ya kafa kimanin miliyan 30. Faransa ta bi sahu daga 2015 zuwa 2021 da mitarta mai suna Linky, kusan miliyan 35. Ribar da kamfanoni suka samu a bayyane take: ba sa biyan masu karanta mita, suna saurin gano inda wuta ta lalace, suna kuma gane inda ake satar ta. Tambayar ita ce, me magidanci ya samu?

Birtaniya ta ba da amsa mai amfani, domin a can mai gida yana da ikon ya karɓa ko ya ƙi. Ana haɗa masa mitar da wani ƙaramin allo da ake ajiyewa a ɗaki, wanda ke nuna kuɗin wutar da ake ci a daidai wannan lokaci. Duk da haka, ƙiyasin gwamnatin ƙasar ya nuna cewa ragin da gidaje suke samu a wutar da suke sha bai wuce kimanin kashi 3 cikin 100 ba. Ma'ana, gidan da ke biyan 20,000 a wata zai rage 600 ne kacal. Darasin da ke nan shi ne mita ba ta rage wa kowa wuta da kanta. Aikinta ta faɗa maka gaskiyar abin da kake ci, sauran aikin kuwa naka ne. Bugu da ƙari, da yawa daga mitocin farko da aka sanya a Birtaniya sun daina aika saƙo da zarar mai gida ya sauya kamfanin da yake sayen wuta a wurinsa, sai da aka sake shirya su. An tsara kammala aikin a 2020, amma aka yi ta ɗaga wa'adin.

A ƙasar Holan kuwa maganar sirri ce ta taso. Mitar da ke rubuta cin wuta kowane kwata ko rabin awa tana iya nuna lokacin da mutanen gida suke tashi, da lokacin da suke kwanciya, da ranar da suka yi tafiya suka bar gida ba kowa. Gwamnati ta so ta tilasta wa kowa karɓar mitar, har da hukunci ga wanda ya ƙi, amma a 2009 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi amincewa, aka mayar da abin na ganin dama. Har ila yau a wannan ƙasa, masu bincike a Jami'ar Twente sun bayyana a 2017 cewa wasu mitocin zamani da suka gwada a ɗakin gwaji sun ƙirga kusan ninki shida na wutar da aka ci a haƙiƙa, yayin da aka haɗa su da fitilun zamani masu makunnin rage haske. Wannan yanayi ne na musamman da aka shirya don gwaji, amma ya nuna cewa sabuwar na'ura ma tana buƙatar hukuma mai tantance awonta.

Abu mafi nauyi shi ne ikon da mitar take ba kamfani. A lokacin tsadar makamashi ta 2022 zuwa 2023, kamfanoni a Birtaniya sun riƙa juya mitocin waɗanda ake bi bashi zuwa tsarin biya-kafin-sha daga ofis, wasu kuma aka shiga gidajensu da takardar kotu aka canza musu mita, har da gidajen marasa lafiya da masu ƙananan yara, ga kuma tsananin sanyi. Da jaridu suka fallasa lamarin a Fabrairun 2023, sai aka dakatar da tilastawar, hukumar Ofgem mai sa ido a kan kamfanonin ta fito da sababbin ƙa'idoji.

Game da tsoron da wasu suke yi cewa igiyar rediyon mitar tana cutar da lafiya, awon da hukumar lafiya ta Ingila ta yi ya nuna cewa abin da ke isa jikin mutum daga mitar ya yi ƙasa ƙwarai da iyakar da aka gindaya, bai ma kai na wayar salula da ake kangawa a kunne ba.

Yaya lamarin yake a gida Nijeriya?

Bature yana zaɓe ne tsakanin tsohuwar mita mai aiki da sabuwa. Magidanci a Kano ko Sakkwato kuwa sau da yawa yana zaɓe ne tsakanin mita da rashin mita. Tun bayan da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta guda 11 ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, ƙarancin mita bai gushe ba. Alƙaluman hukumar NERC mai kula da harkar lantarki sun nuna cewa a ƙarshen 2024 waɗanda suke da mita ba su kai rabin masu rajista ba. Sauran ana rubuta musu kuɗi ne da kintace, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, wato kamar a sayar maka da gero ba tare da mudu ba. Hukumar ta yi ƙoƙarin magance wannan: a 2018 ta fito da tsarin da mutum zai sayi mita daga kamfanonin da aka amince da su, a 2020 ta sanya iyaka ga abin da za a iya rubuta wa marar mita, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin rarraba mitoci da tallafin Babban Bankin Nijeriya.

Muhimmancin awo ya ƙaru a watan Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 ga rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Mu yi lissafi da wancan farashi. Ƙwan fitila biyar masu wat 60, in suna kunne awa 6 kowane dare, za su ci yunit 54 a kwana 30, wato naira 12,150. In aka musanya su da ƙwayaye biyar na zamani masu wat 9, za su ci yunit 8.1, kimanin naira 1,820. Wanda yake da mita zai ga wannan ragi a aljihunsa. Wanda ake yi wa kintace kuwa ko ya kwana cikin duhu takardarsa ba za ta canza ba, shi ya sa ba ya damuwa da kashe fitila da rana tsaka.

Tambayoyin da za a yi kafin a yarda

Na farko, wace irin mita ce, kuma idan sadarwa ta yanke a unguwa, akwai madannan da za a shigar da lambobin kati da hannu? Na biyu, wa zai biya kuɗinta? Bisa ƙa'idar NERC, wanda ya sayi mita da kuɗinsa ta hanyar da aka amince ana mayar masa da su sannu a hankali ta hanyar ƙarin yunit, don haka a biya ta hanyar da kamfani ya shelanta, a kuma adana rasit. Na uku, akwai tsohon bashi a kan gidan? In akwai, za a riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi kati, saboda haka gara a zauna a tantance shi tun kafin a kafa mitar, musamman idan bashin na kintace ne. Na huɗu, wa zai riƙa ganin bayanan da mitar take aikawa, kuma wane gargaɗi za a yi kafin a yanke wuta daga ofis? Wannan ya fi shafar gidan da ke da majinyaci ko maganin da ake ajiyewa a firiji. Na biyar, in gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, mita ɗaya ba za ta raba gardama tsakanin mai dutsen guga da mai fanka ɗaya ba, sai kowane sashe ya samu tasa. Daga ƙarshe, a sa ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin gidan, domin tsohuwar waya mai yoyon lantarki ita ma mita za ta ƙirga abin da take zubarwa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa amsar ta danganta da halin da gida yake ciki. Gidan da ake yi wa kintace bai kamata ya yi jinkiri ba, domin kowace irin mita mai gaskiya ta fi masa rashinta. Gidan da yake da mitar kati mai aiki lafiya ba shi da dalilin gaggawa, yana iya jira har ya samu amsar tambayoyin da aka jero. Wanda kuma ya karɓi mai sadarwa ya sani cewa amfaninta yana ga mai duba ta.

Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan darasi aikin gida. Kowane ɗalibi da ke da mita a gidansu ya rubuta lambarta kowace safiya har kwana bakwai, ya kuma rubuta wat ɗin da ke jikin kowace na'ura da awoyin da ta yi a kunne. A ƙarshen mako a kwatanta lissafinsa da na mitar a cikin aji, a ga wace na'ura ce ta fi cin kuɗin gidan.