Raunin da rabuwar aure ke bari a ƙwaƙwalwar yaro

A cikin yaran da ke talla da dakon atamfa a layukan kasuwar Kantin Kwari ta Kano akwai waɗanda mutuwar auren iyayensu ce ta fito da su, kuma abin da ya fi cutar da irinsu shi ne yadda ake mai da su makamin ramuwa: uba ya hana kuɗin ciyarwa, uwa ta riƙa aibata uba a kunnen ɗa, ko a raba yaro da mahaifiyarsa da ƙarfin tsiya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar da cewa tsoron da ya daɗe yana yawaita sinadarin kotisol, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin fargaba, sai yaro ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin barci, karatu ya gagara, sau da yawa kuma a ɗauka iska ce.

A mazhabar Malikiyya hadana, wato haƙƙin riƙon yaro, tana hannun uwa har namiji ya balaga, mace ta tare a gidan miji, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Kano ta sami dokar kare yara a 2023, amma sai dangi da maƙwabta sun kai ƙara za ta yi aiki.