Girka Buɗaɗɗiyar Manhajar Tsara Alƙawura a Kan Saba: Nazari Daga Fagge da Sabon Gari, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake girka buɗaɗɗiyar manhajar tsara alƙawura a kan saba mallakar mai sana'a. An ɗauki manhajar Easy!Appointments a matsayin misali, aka auna ta da yanayin Fagge da Sabon Gari. Maƙalar ta nuna cewa girkawar ba ta da wuya, kula da manhajar bayan an girka ta shi ne babban aiki.

1.0 Gabatarwa

Fagge ta yi suna wajen ɗinki da cinikin yadi, musamman saboda kasuwar Kantin Kwari. Sabon Gari kuwa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Fagge, cike take da asibitoci masu zaman kansu da shagunan gyare-gyare. Duk waɗannan sana'o'i a kan alƙawarin lokaci suke tafiya. Da zarar Salla ta ƙarato, tela yakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage, saboda littafin da yake rubutu a ciki ba ya gaya masa cewa ranar ta cika. Wannan giɓi ne manhajar tsara alƙawura take cikewa, domin takan rufe duk lokacin da aka riga aka ba wani.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ke aiki dare da rana tana amsa buƙatun wasu na'urori. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka bai wa kowa izinin duba rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma rarraba. Lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari, kuma a ƙarƙashinsa Alex Tselegidis ya saki Easy!Appointments.

3.0 Matakan Girkawa

Matakin farko shi ne zaɓen mazaunin saba. Ana iya ajiye kwamfuta a shago, ko a yi hayar saba daga kamfani. Bayan nan sai a ɗora mata Ubuntu, tare da Apache da PHP da MySQL. A cikin MySQL ake buɗe rumbun bayanai, a ba shi suna da kalmar sirri mai wuyar zato. Daga nan sai a sauke fayilolin manhajar, a rubuta adireshin shafin da bayanan rumbun a cikin fayil ɗin config.php. Idan aka buɗe adireshin, manhajar da kanta za ta nemi sunan mai gudanarwa da na sana'ar. A ƙarshe sai a karɓi takardar shaidar tsaro kyauta daga Let's Encrypt, wadda ke hana a leƙa saƙonni a hanya.

Wajibi ne a saita agogon saba a kan lokacin Nijeriya, wanda ke gaba da na Greenwich da awa 1. In ba haka ba, ana iya samun saɓani tsakanin lokacin da aka ba mutum da wanda ya shiga rumbu. Haka kuma jadawalin aiki sai ya bi al'adar wuri: telan Fagge zai ware lokacin sallar Juma'a da sauran salloli, yayin da shaguna da dama a Sabon Gari ke rufewa ranar Lahadi.

4.0 Ƙalubale

Sabar da ke shago ta dogara ne ga wutar KEDCO, don haka tana buƙatar batir da sola, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaukewar shafin ce. Sabar haya ta ƙetare kuwa da dala ake biya, kuma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara mata tsada.

Na biyu shi ne ajiyar kwafi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 darasi ce: bayanan da ke wuri ɗaya suna iya salwanta a dare ɗaya. Ya kamata a riƙa kwafe rumbun kullum zuwa wani wuri dabam, a kuma jarraba maido da shi lokaci-lokaci.

Na uku shi ne amana. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tattara bayanan mutane, ta kuma tsaurara a kan bayanan lafiya. Asibitin da ya riƙe sabarsa da kansa ba shi da wanda zai ɗora wa laifi idan sunayen majiyyata suka fita.

5.0 Kammalawa

Kafin a girka manhajar, ya dace mai sana'a ya tantance wanda zai riƙa sabunta ta da kwafe bayananta. Tun da fayilolin harshenta a buɗe suke, sassan nazarin Hausa na jami'o'i suna iya ɗaukar aikin daidaita kalmominta da Hausa, domin tela da mai kawo ɗinki su karanta alƙawarinsu da harshen da suka ƙulla shi.