Lissafin Turjiya da Ƙarfin Lantarki: Misali daga Shagon Tela a Rano da Kibiya

Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta nuna cewa ana samun turjiyar na'ura idan aka raba matsin lantarki da yawan wutar da ke gudana a cikinta. Ƙarfin da take ci kuwa, ninka su biyun ake yi. A Nijeriya, matsin wutar gida bolt 230 ne. Idan dutsen gugar tela a Rano ko Kibiya yana jan amfiya 5, turjiyarsa om 46 ce, ƙarfinsa wat 1,150. Ke nan ƙaramin janareto mai wat 950 ba zai ɗauke shi ba. Yin wannan lissafi kafin a jona shi ke kare janareto daga ƙonewa, jarin tela kuma daga salwanta.